Robson Lowe, dillalin kan sarki mai rubuta littattafai: malami ne ko ɗan kasuwa?

Tsohon Akawu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya ina kwashe kayan adakar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, sai na ci karo da wani littafin rubutu da na cika da kan sarki tun ina firamare. Na zauna ina buɗawa har la'asar ta kusa kuɓuce mini. Ga na kwabo mai mahayan Barno, ga mai gyaɗa, ga na sule guda mai masallacin Kano da aka buga a 1959 lokacin da Arewa ta samu mulkin kai. Maimakon murna sai na ji zuciyata ta yi nauyi, don na tuna inda na samo su. Kakana fataucin goro ya yi, wasiƙu na zo masa daga Kumashi da Ikko, wasu daga Sudan wurin 'yan'uwansa da suka tafi Hajji a ƙasa suka maƙale a hanya. Yadda muke yi a lokacin, ka yage kusurwar ambulan, ka jefa a kwanon sha da ruwa, ka jira takardar ta saki, ka tsamo kan sarkin ka kifa shi a bayan faranti ya bushe. Ragowar ambulan ɗin kuwa a ba mata su hura wuta. Akwati guda na gama da shi a hutu ɗaya, tsohon na kallo yana dariya, don shi ma bai ɗauke su a bakin komai ba.

Abin da ya fama mini wannan tsohon mikin shi ne labarin wani Bature ɗan Ingila, Robson Lowe, da na daɗe ina bibiya. Dillalin kan sarki ne, mai gwanjo, kuma marubuci. Shekaru da dama ya yi yana gaya wa mutane cewa ambulan da hatimin gidan waya da ke jikinsa sun fi ɗan hoton da ake mannawa ba da labari. Wato ni tsaba na zubar na adana ƙaiƙayi. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami. Ina so masana cikinku su ce wani abu a kansa, don ni dai malami nake ganinsa da ya ɓuya a rigar ɗan kasuwa.

Auta: Wa alaikumus salam Baba. Allah ya jiƙan Kaka. Amma kafin a yi nisa, shi littafin nan nawa zai yi yanzu? Tambaya ce kawai fa.

Maman Ilham: Kai dai Auta ba ka da magana sai ta kuɗi. Baba, Allah ya gafarta mata. Ba kai kaɗai ba ne, mu ma haka muka yi wa wasiƙun da yayanmu ke aikowa daga Misra yana karatu. Har faɗa muke yi a kan wa zai yage.

Abu Sumayya: Baba ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Bari in kawo ɗan abin da na sani. An haifi Lowe a Landan ranar 7 ga Janairu 1905, ya mutu a watan Agusta 1997 a Bournemouth, garin nan da masu kallon ƙwallo suka sani. Tun yana yaro ya shiga sana'ar, zuwa 1926 yana ɗan shekara 21 ya kafa kamfanin kansa a titin Regent. A 1940 ya koma gida mai lamba 50 a titin Pall Mall, adireshin da masu tara kan sarki na zamanin suka haddace kamar sunan garinsu. A 1980 kamfanin gwanjon nan Christie's ya saye nasa, amma aka ci gaba da amfani da sunansa.

Abin da ya fitar da shi daban shi ne wannan. Kafin shi, yawancin masu tarawa hoton kawai suke bi: launinsa, haƙoran gefensa, da tambarin da ke ɓoye cikin takardar wanda sai an ɗaga a haske ake gani. Kan sarki na mannawa kuwa sai 1840 aka fara shi a Ingila. To wasiƙun da aka yi ta aikawa kafin nan fa? Ba su da hoto, sai hatimi da ma'aikacin gidan waya ya buga da hannu, da kuɗin da aka rubuta da alƙalami, don a da galibi wanda aka kawo wa wasiƙa shi ke biya. 'Yan ƙalilan ne ke kula irin waɗannan. Shi ya ce ai wannan hatimin ma shaidar biya ce, kuma ya girmi hoton. A 1936 ya fara ware gwanjo na musamman don irin waɗannan wasiƙu, yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu nazarin tarihin aika wasiƙu a shekarar. A 1937 ya fitar da littafi kan hatiman hannu na daular Birtaniya daga 1680 zuwa 1900. Ya faro daga 1680 ne saboda a shekarar wani ɗan kasuwa, William Dockwra, ya buɗe aikin kai wasiƙa a cikin Landan kan kwabo ɗaya, yana buga wani hatimi mai kusurwa uku da ke nuna an biya.

Babban aikinsa kuma shi ne kundin kan sarkin daular Birtaniya baki ɗaya. Juzu'i na farko, na Birtaniya da Turai, ya fito a 1948, na Afirka 1949, na Asiya 1951, na yankin Ostireliya 1962, na Arewacin Amurka 1973, na shida kan wasu tsibiran Karibiyan sai 1990. Ya mutu bai kammala daular ba.

Ɗan Kwari: Baba ka yi haƙuri, yau zan saɓa maka. Ni ɗan kasuwa ne, ko a duhu ina gane ɗan'uwana. Ku sake duba lissafin da Abu Sumayya ya kawo. 1936 ya buɗe gwanjon tsofaffin wasiƙu. 1937 ya fitar da littafin da ke jera su yana nuna wadda ta fi wuyar samu. Wa ya rubuta littafin? Shi. Wa ke riƙe da gudumar gwanjo? Shi. Wa ke cin la'ada in farashi ya tashi? Shi ɗin dai. Mu ma a Kwari in atamfa ta kwanta mana suna muke raɗa mata, mu ce ita ake yayi, kafin sati ta tashi. Bambancinmu da shi kawai mu ba ma buga littafi.

Auta: Yaya Ɗan Kwari ka tona asirin kasuwa da bakinka. Na ɗauki hoton wannan maganar, zan nuna wa Hajiyarmu kafin Sallah.

Tsohon Akawu: Ɗana, ban ce bai ci riba ba. Ya ci, ya kuma ƙoshi. Amma sunan da kuke raɗa wa atamfa, bayan Sallah an manta shi. Shi abin da ya rubuta har yau ana buɗawa. Juzu'in Afirka ɗin nan na 1949, ƙasarmu na ciki, tun daga Ikko da yankin gaɓar teku har Arewa ta zamanin Lugga da ta fara nata kan sarkin a 1900, kafin a haɗe mu da Kudu a 1914. Mu da muke da ƙasar wa ya zauna ya tattara wannan a lokacin? Ni na yi shekara talatin ina buga hatimi a kan takardu a ofis, ban taɓa tunanin wani zai zo ya tambayi yaushe aka sassaƙa hatimin ko yaushe aka daina amfani da shi ba.

Wani abu ma da na lura, na farkon nan na 1900 kan sarauniya Biktoriya ne a jiki. Ta mutu a farkon 1901, daga 1902 aka koma kan ɗanta Edward. Turawa ba su ci Kano da Sakkwato ba sai 1903, daga nan kuma sarakuna maza ne a jere har 1952. Ina jin shi ya sa muka ce kan sarki, da sun riga zuwa da shekara goma da kan sarauniya muke cewa.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Baba wannan magana taka ta zauna, don mu nan Nijar tambur muke cewa, daga Faransanci. Faransa ba ta da sarkin da za ta sa kansa. Na farkonmu a 1921 na wata ƙasar mulkin mallaka aka ɗauko, mai hoton Buzu bisa raƙumi, aka buga sunan Nijar a kai. Sai 1926 aka yi namu na kanmu, akwai mai rijiya ana jan ruwa, akwai mai jirgin ruwa a kogin Kwara, akwai mai barikin Damagaram. Abin haushin, a shekarar aka ɗauke mana babban birni aka kai Yamai. An ba mu hoto an karɓe kujera. Ban san Lowe ba sai yau, mu kundin Faransawa ake bi a nan, amma ina saurare.

Maman Ilham: Ni matsalata da mutumin nan ba ta riba ba ce, Ɗan Kwari. Kowa da abincinsa. Matsalata ta malamar tarihi ce. A 1951 ya fitar da littafi kan wasiƙun gidan Codrington, wasu attajiran Ingila masu gonakin rake a tsibirin Antigua, waɗanda kuma ke riƙe da tsibirin Barbuda. Wasiƙun sun kama daga 1743 zuwa 1851, yawanci wakilansu ne ke rubuto musu halin da dukiya ke ciki. Su wa ke noman raken? Bayi, waɗanda aka kwaso su ko iyayensu daga Afirka. Takarda tana ɗauke da lissafin 'yan Adam kamar na awaki, wane ya mutu, wance ta haihu, sai mutum ya juya bayanta ya ce kai, dubi wannan hatimi, ba a taɓa ganin irinsa ba. Wallahi abin yana tsaya mini a wuya.

Na biyu kuma, sana'ar tasa rarraba kaya ce. Misali wasiƙun gidan Corsini, 'yan kasuwar Italiya da suka zauna a Landan a ƙarshen ƙarni na 16. Sun yi kusan shekara ɗari huɗu a haɗe wuri guda. A shekarun 1980 kamfanin da ke ɗauke da sunansa ya yi gwanjonsu kashi-kashi, wannan ta tafi Amurka, waccan Jamus. Mai tarihi yana son ya karanta wasiƙa da amsarta. In an raba su, an kashe rabin maganar.

Abu Sumayya: Malama, ta biyun na karɓa, da ɗan gyara: an ɗauki hoton wasiƙun Corsini kafin a sayar, ana iya karanta su a Landan. Hoto dai ba asali ba ne, na yarda. Ta farkon kuwa ina ganin kin ɗan matsa masa. Littafin Codrington bai tsaya kan hatimi ba, ya kawo abin da ke cikin wasiƙun, shi ya sa masu binciken tarihin bauta a Karibiyan suke ambatonsa. Kuma ki tuna abin da Baba ya ba mu labari da farko. Takardar da ba ta da farashi murhu take tafiya. Gidajen Turawa nawa ne suka ƙona irin waɗannan da suka tashi gyaran ɗaki? Ranar da aka ji ana sayensu, ranar aka daina ƙonawa.

Maman Ilham: An daina ƙonawa, an koma kullewa a akwatin attajiri inda ɗalibi ba zai taɓa gani ba. Ban ce duk ɗaya ba ne, amma kada a mayar da shi waliyyi. Kuma tunda ana maganar hatimin da ya girmi kan sarki, mu ma muna da namu. Sarakunanmu suna aika wasiƙa da Larabci, da hatiminsu a sama, manzo ya hau doki ya kai. Da Turawa suka shiga Sakkwato a 1903 sun tarar da tarin irinsu a gidan Waziri Buhari, har aka fassara wasu aka buga a Ikko a 1927. Da a ce waɗannan hannun mai gwanjo suka faɗa aka sayar ɗai-ɗai, da yau me za mu karanta? Duk mai irin wannan a gida, don Allah ya nufi gidan adana takardun tarihi na Kaduna ko Arewa House ko na Waziri Junaidu a Sakkwato, ko da hoto ne su ɗauka.

Ɗan Kwari: Malama ta fi ni iya faɗa, ni dai na ce ɗan kasuwa ne.

Baban Yasmin: Ni duk wannan bai dame ni ba kamar kuɗin da ake zubarwa. Na ji an sayi wani ɗan ƙyallen takarda kan dala miliyan takwas. Ana yunwa a duniya. In wannan ba almubazzaranci ba ne, mene ne shi?

Abu Sumayya: Gaskiya ne, na ƙasar Guyana ne na 1856, shi kaɗai ya rage a duniya. An sayar da shi sama da dala miliyan tara a 2014, sannan miliyan takwas da ɗoriya a 2021, ka ga wanda ya saya a 2014 ma faɗuwa ya yi. Wani yaro ɗan shekara 12 ne ya tsince shi a takardun gidansu a 1873, ya sayar sule shida. Amma Alhaji wannan wasan manya ne, kamar masu sayen doki na miliyoyi don hawan Sallah. Yawancin masu tarawa abin da suke kashewa bai kai kuɗin katin waya ba.

Tunda an zo nan, ga misalin da ke goyon bayan Baba. A 1847 tsibirin Mauritius ya buga kan sarki iri biyu, ɗari biyar-biyar. Akwai wata wasiƙa guda da aka aika wa masu sayar da giya a Bordeaux ta Faransa, ɗauke da duka biyun. Ta shiga hannun Maurice Burrus, wani attajirin taba, bayan mutuwarsa Lowe ya yi gwanjonta a 1963. A 1993 an sake sayar da ita sama da faran miliyan biyar na Suwizalan. Da wani ya jefa ta a kwanon sha ya ɓamɓare su, da har yanzu suna da tsada, amma ba kamar haka ba.

Tsohon Akawu: Abu Sumayya kana ƙara mini gishiri a miki.

Auta: To ni har yanzu ba a amsa mini ba. Na Baba nawa ne?

Abu Sumayya: Ƙanena ka kwantar da hankalinka, ba za ka gaji komai ba. Na zamanin sarauniya na 1953 da Baba ya lissafa, mai mahayan Barno da mai gyaɗa, an buga su da yawan gaske, kowane albam na yaran Ingila akwai su. Tsufa ba shi ne tsada ba. Na farko a duniya ma, baƙin nan na kwabo na 1840, sama da miliyan 68 aka buga, shi ya sa mai albashi zai iya sayen wanda aka yi amfani da shi. Wanda zai sa ka sayi mota a na Arewa shi ne na fam 25 na 1904, kore da ja, mai kan Edward. Ba don wasiƙa aka yi shi ba, wa zai aika wasiƙar fam 25 a lokacin da leburan gwamnati ke karɓar sisi ko tara a yini? Don biyan kuɗaɗen gwamnati ne irin su lasisin giya. Kaɗan ne suka rage, ana maganar dubun dubatan fam a kansa. In ka ga wani na tallarsa da araha a intanet, jabu ne.

Baban Yasmin: Ai ni an taɓa yi mini. Na sa hoton wasu na mahaifina a wani shafi, sai ga wani ya biyo ni ta akwatin saƙo wai suna da mai saye a waje, miliyan goma sha biyu, amma sai na biya kuɗin tantancewa. Na tura dubu ashirin. Har yau ana tantancewa. Wataƙila shi ya sa nake jin haushin harkar gaba ɗaya.

Ɗan Kwari: Allah ya mayar da alheri Alhaji. Cinikin biri a sama ka yi.

Tsohon Akawu: Maganar jabu ta kawo ni inda nake so in kai Ɗan Kwari. Abu Sumayya, ba su labarin Sperati, kai ka fi ni riƙe shekaru.

Abu Sumayya: To Baba. Jean de Sperati ɗan Italiya ne da ya zauna a Faransa, an haife shi 1884. Ba a taɓa yin maƙerin jabu kamarsa a harkar ba. Dabararsa, sai ya samo kan sarki na gaske mai araha na zamanin da yake so, ya wanke hoton da sinadari, ya bar takardar da haƙoranta da tambarin cikinta, wani lokaci har da hatimin gidan waya na asali, sannan ya buga hoton mai tsada a kai. Ka ɗaga a haske ka ga komai daidai, don takardar ta gaske ce. Har na Ikko masu manyan kuɗi na zamanin Biktoriya ya yi, na sule biyu da sisi, na sule biyar da na sule goma.

A 1942, ana tsakiyar yaƙi, 'yan kwastan na Faransa suka kama wani ƙunshin kan sarki da ya aika Lisbon ta Portugal. Aka tuhume shi da fitar da dukiya daga ƙasa ba izini. Ya ce ai ba dukiya ba ce, ni na yi su da hannuna. Kotu ta kira masani, Edmond Locard, wanda ya shahara a binciken laifuka, ya duba ya ce na gaske ne duka. Sai ga mutum a gaban alƙali yana rantsuwa shi maƙerin jabu ne, masana na cewa ƙarya yake. Sai da ya sake ƙera irinsu ya kawo. Daga baya a 1948 aka same shi da laifin zamba a Faris. A 1954 ƙungiyar dillalan Birtaniya ta ga ba yadda za ta yi da shi, ta saye kayan aikinsa da ragowar hajarsa, ya yi alkawarin dainawa, suka buga littafi da ke nuna yadda za a gane aikinsa. Ya mutu 1957. Lowe bai bar bin sawun mutumin nan ba har tsufansa. Littafin da suka yi da Carl Walske a kan jabun Sperati sai 2001 ya fito, shekara huɗu bayan mutuwarsa.

Tsohon Akawu: Madalla. Ga kuma wadda ta fi burge ni. Akwai wata takardar girmamawa da manyan masana kan sarki ke sa wa hannu tun 1921, Sarki George na biyar ne ya fara sa hannu. A harkar babu lambar da ta fi ta. Lowe ya ƙi sa hannu. Dalilinsa, akwai sunan wani mutumin Afirka ta Kudu a ciki, Adrian Jurgens, wanda shi Lowe ya haƙiƙance yana ƙera jabu, ya ce a cire, aka ƙi. Ya mutu sunansa ba ya ciki. Ɗan Kwari, ɗan kasuwar da riba kawai yake nema zai ƙi rawani? Ai da rawanin zai ƙara farashi.

Ɗan Kwari: Baba tsaya in tambaya. Shi Jurgens ɗin jabun me ake zarginsa da yi?

Abu Sumayya: Hatiman gidan waya na tsohon yankin Cape na Afirka ta Kudu, a kan tsofaffin wasiƙu da kan sarki. Shi ma ya rubuta littafi a kan hatiman, har ya samu lambar yabo.

Ɗan Kwari: Alhamdu lillahi, kun kawo mini hujja da kanku. Hatimi a kan tsohuwar wasiƙa, wato ainihin hajar da Lowe ya gina kasuwarta tun 1936. Mutum na zuba jabu a layinka, kwastomomi za su fara tsoron duk layin. Ko ni in wani ya cika Kwari da shadda ta jabu mai tambarin ta gaske, ba zan zauna tabarma ɗaya da shi a taron ƙungiya ba, kuma ba don na fi kowa tsoron Allah ba ne. Shagona nake karewa.

Auta: Kai! Baba an mayar maka da ƙwallo.

Tsohon Akawu: An mayar, kuma ta shiga, ban musa ba. Sai dai ɗana, dillalin shanun da ya san gobe ma zai dawo kara ba ya ɓoye ciwon saniya. Ko don Allah ya faɗa ko don gobe, mai saye dai ya tsira. Ni wanda zai gaya mini gaskiya don shagonsa ya fi mini wanda zai yi shiru don a naɗa masa rawani. Sauran da suka sa hannu kusa da sunan Jurgens ai su ma suna da abin karewa.

Maman Ilham: Wannan na yarda da ita Baba. Ta Corsini ce dai ban janye ba.

Ɗan Damagaram: Ni abin da na ɗauka, gobe zan je in duba buhun takardun babanmu kafin yara su rigaye ni. Akwai wasiƙun da yake samu daga Kano da Agadas.

Tsohon Akawu: Jama'a na dawo daga isha'i, ga wani abu. Na sake ɗauko littafin zan mayar adaka, sai wani abu ya zamo daga bangon baya. Ambulan ne guda, cikakke, ruwan ƙasa, ya yi laushi kamar tsumma. Daga Kumashi yake, kan Sarki George na shida, hatimin ya fito sarai, 1951. An rubuta adireshin kakana da boko a tsakiya, hannun ɗan makaranta, wataƙila irin masu zama bakin gidan waya suna rubuta wa mutane a biya su. A gefe kuma an sake rubuta sunansa da unguwarmu da ajami, da tawadar allo. A baya akwai hatimi na biyu na ranar da ta iso, na ƙirga kwana tara tsakaninsu. Na tuna dalilin da ya sa ta tsira: kan sarkin ya yage a kusurwa ɗaya, na raina shi, na ce ba zai shiga littafina ba. Na mayar da ita abin sa alamar shafi.

Abu Sumayya: Allahu Akbar. Baba don Allah kada a sa mata salatif, kada a kai ta a liƙe ta cikin leda da na'ura, zafin yana kashe takarda. A sa ta tsakanin farar takarda biyu, a ajiye inda ba danshi ba rana. Kuɗinta ba zai yi yawa ba, amma mai adireshi biyu, boko da ajami, masu tarawa suna son irinta.

Ɗan Kwari: Baba na saya dubu biyar, kafin Abu Sumayya ya rubuta littafi a kanta.

Auta: Dubu shida, bashi.

Maman Ilham: Ku rufa mana baki. Baba, wasiƙar tana ciki?

Tsohon Akawu: Tana ciki 'yata, warƙa ɗaya, ajami gaba da baya. Na gane sallama da sunan kakana, na ga kamar ana maganar huhun goro da wani da bai biya ba, sauran idona ya gaza.

Maman Ilham: A ɗauko mana hoto, mahaifina yana karanta irin wannan hannun.

Tsohon Akawu: Sai da safe in rana ta fito. Na gwada yanzu, wayar nan ba ta ɗauka da kyau a hasken fitila.